Yadda Muka Girka Sabuwar Taransifoma Muka Daidaita Layukanta Uku

A shekarata ta biyu da fara koyon aikin lantarki a hannun wani injiniya, aka kawo mana wata taransifoma da ta ƙone, mai ƙarfin kVA 300, wadda ta daɗe tana ba wani rukunin gidaje wuta. Bayan mun tsiyaye man da ya rage mun kwance murfin, sai muka ɗago cikinta da ƙugiya, muka ajiye a kan katako. A ranar na fara ganin cikin taransifoma da idona: ginshiƙai uku na ƙarfe a tsaye, an haɗe su ta sama da ta ƙasa, kowanne an naɗe shi da waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, naɗin ginshiƙi ɗaya ne kawai ya yi baƙi ƙirin, takardar da ke tsakanin wayoyinsa tana marmashewa da zarar an taɓa ta, alhali sauran biyun suna nan da launinsu kamar ba abin da ya same su. Na ce wa maigidana, "Ranka ya daɗe, idan lodi ne ya yi mata yawa, me ya sa ba su ƙone gaba ɗaya ba?" Ya ce, "Riƙe tambayarka, ɗana. Ranar da muka ɗora wa sabuwar kaya, da hannunka za ka auno amsar."

Sabuwar da aka kawo mai ƙarfin kVA 500 ce, kuma aikin farko da ya ba ni shi ne in karanta farantin da ke manne a jikinta, in kwafe duk abin da ke kai. An rubuta cewa tana karɓar bolt 11,000 tana fitar da bolt 415, tana aiki da wutar da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, haɗinta kuwa Dyn11 ne. Ya sa na yi lissafin iyakar abin da kowane layi zai ɗauka, wato in raba 500,000 (kVA 500 ninki dubu) da abin da aka samu idan an ninka 415 da 1.732. Amsar, a ma'aunin amfiya da ke nuna yawan wutar da ke bin waya, ta fito kusan amfiya 696 a ɓangaren ƙaramar wuta mai bolt 415, da amfiya 26 kacal a ɓangaren babbar wuta mai bolt 11,000. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa ake ɗaga ƙarfin wuta kafin a tura ta nesa. Zafin da waya ke yi, wanda asara ce tsantsa, yana tafiya ne da amfiya ninki kanta, ta yadda idan amfiya ta ninka sau biyu asarar za ta ninka sau huɗu. Saboda haka ake ɗauko wuta da bolt mai yawa da amfiya kaɗan a kan siraran wayoyi, sai an iso kusa da masu amfani da ita a sauke ta.

Lambar nan 1.732 ce ta tsaya mini a rai. Na san cewa tsakanin kowane layi da nutural, wato waya ta huɗu da wutar gida ke komawa ta cikinta, akwai bolt 240, don haka a tunanina tsakanin layi da layi ya kamata a sami 480. Da na faɗa masa haka, bai ba ni amsa da baki ba. Ya ɗauki alli ya ɗiga ɗigo a kan siminti, ya ja kibiyoyi uku daga ɗigon, kowacce santimita 24, ya ware su daidai wa daida da digiri 120 a tsakani, sannan ya miƙo mini awo ya ce in auna daga tsinin kibiya ɗaya zuwa tsinin ta kusa da ita. Na auna, na sami santimita 41 da rabi da 'yar ɗoriya. A nan ne abin ya zauna mini. Layukan uku, waɗanda masu sana'a ke kira fes, ake kuma bambanta su da launin ja, rawaya da shuɗi, ba sa kai ƙololuwarsu lokaci guda. A cikin janareta an jera naɗin waya uku a kewayen maganaɗisun da ke juyawa, kowanne a sulusin da'ira, don haka maganaɗisun yana wuce su ne ɗaya bayan ɗaya. Zagaye guda na wutar yana ɗaukar kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, kuma kowane layi yana bin bayan ɗan'uwansa da sulusin wannan ɗan lokaci. Lokacin da ja yake sama, rawaya da shuɗi suna ƙasa amma ba su kai ƙarshen gangararsu ba, shi ya sa bambancin da ke tsakanin layi biyu bai taɓa kaiwa ninki biyu ba.

Daga wannan zane na alli sauran abubuwa suka fito. Idan ƙarfin kibiyoyin uku ɗaya ne, to a kowane lokaci jimillarsu sifili ce, kamar mutum uku masu ƙarfi ɗaya da ke jan zobe ta fuska uku, zoben bai motsa ba. Ma'anar haka ita ce, idan lodin layukan ya yi daidai, wutar da ta tafi ta layi ɗaya tana dawowa ta sauran biyun, ba a bukatar wata waya ta komowa, kuma shi ya sa manyan layukan da ke ɗauko wuta daga nesa suke tafiya uku-uku. Haka kuma, ƙarfin da layi ɗaya ke bayarwa yana hawa yana sauka sau 100 a daƙiƙa, amma idan aka haɗa ukun sai ya zama miƙaƙƙe ba yankewa, kuma su ukun suna haifar da maganaɗisu mai juyawa da kansa a cikin injin lantarki, ba tare da an ƙara masa wata dabarar tayarwa ba. Wannan tsari ba sabo ba ne. Galileo Ferraris a Italiya da Nikola Tesla a Amurka sun yi aiki a kan maganaɗisu mai juyawa a shekarun 1880, sannan Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus ya ƙera inji da taransifoma masu layi uku, har a 1891 aka tura wuta ta wannan hanya daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kimanin kilomita 175. Abin da ya burge ni shi ne, fasalin ginshiƙai uku da na gani a cikin ƙonanniyar taransifomar ya samo asali ne tun daga wancan zamani, kuma dalilinsa ɗaya ne da na wayoyin: maganaɗisun da ya hau ta ginshiƙi ɗaya yana saukowa ta sauran biyun.

Ita kanta taransifoma ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, kuma babu wayar da ta haɗa ɓangaren babbar wuta da na ƙarama. Tana aiki ne da abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da wuta a cikin duk wayar da ta kewaye shi. Wutar da ta shiga naɗin farko tana tayar da maganaɗisu a cikin ƙarfen, shi kuma yana haifar da wuta a naɗi na biyu, kuma yawan zagayen kowane naɗi ne ke ƙayyade bolt ɗinsa. Ƙarfen ba dunƙule yake ba. Siraran faifai ne na ƙarfe mai ɗan sinadarin silikon, kaurin kowanne bai kai rabin milimita ba, an shafe su da rufi an jera su, domin a daƙile wutar da za ta riƙa kewayawa a cikin ƙarfen tana zafafa shi a banza. Harafin D na Dyn11 da ke farantin yana nufin naɗin babbar wuta an haɗa su baki da baki kamar alwatika, ƙaramin y yana nufin na ƙaramar wuta an tara ƙarshensu wuri guda kamar tauraro, n kuwa yana nuna cewa an fito da wannan mahaɗa waje, ita ce nutural. Lamba 11 daga fuskar agogo aka aro ta, tana nuna cewa ƙaramar wuta tana gaban babba da digiri 30, kuma dole a kula da ita idan za a haɗa taransifoma biyu su yi aiki tare. Da yake kowane naɗi na alwatika yana ɗaukar bolt 11,000 cif, na tauraro kuwa 240, zagaye kusan 46 na siririyar waya ne ke fuskantar zagaye ɗaya na kakkaura.

Kafin a ɗora ta a kan dakalinta, mun kwashe yini guda muna gwaji, duk da cewa sabuwa ce kuma ta zo da takardar gwaji daga masana'anta. Maigidana ya ce takarda tana faɗin halin da taransifoma ta bar masana'anta ne, ba halin da ta iso ba, domin jijjigar hanya da laima suna iya yin ɓarna. Mun fara da gwajin rufin wayoyi da na'urar da ake kira mega, muka tura bolt 5,000 tsakanin naɗin babbar wuta da jikin tanki, muka rubuta abin da ta nuna a minti ɗaya da kuma a minti goma. Busasshen rufi adadinsa yana ta hawa, wanda ya sha laima kuwa yakan tsaya cak. Namu ya hau yadda ake so. A nan ne na yi kuskuren da ba zan manta ba, domin ina kashe na'urar sai na kai hannu zan cire mannin daga kan kofin tangaran. Maigidana ya cafke wuyan hannuna, ya ɗauki wayar da ke haɗe da ƙasa ya taɓa kan ƙarfen, na ji ƙara tas, na ga ɗan tartsatsi. Ya ce, "Naɗin waya yana riƙe caji bayan gwaji. Kullum ka fara sauke shi ƙasa, sannan ka taɓa." Tun daga ranar ban sake taɓa ƙarfen da aka gwada ba sai na ga wayar ƙasa a kansa.

Daga nan muka gwada rabon zagaye. Mun ba ɓangaren babbar wuta bolt 415 na layi uku, muka auna abin da ya fito a ɗaya ɓangaren, wanda lissafi ya nuna ya kamata ya kai kusan bolt 15.7 tsakanin layi da layi. Ba a taɓa yin wannan gwaji ta ɓangaren ƙaramar wuta, domin taransifoma tana aiki ta kowace fuska, kuma bolt 415 a can zai fito da 11,000 a kan kofunan da mutum ke tsaye kusa da su. Mun maimaita awon a duk matakai biyar na makunnin da ke ƙara ko rage zagayen naɗin babbar wuta da kashi 2.5 cikin ɗari a kowane mataki, layukan uku suka ba da amsa iri ɗaya, muka mayar da shi matakin tsakiya muka kulle. Man kuwa, wanda shi ne ke sanyaya wayoyin kuma yake hana wuta tsallakawa, mun ɗebo shi ne ta famfon ƙasa, saboda ruwa ya fi mai nauyi, can yake kwanciya. An zuba shi a ƙoƙon gwaji mai ƙarafa biyu da tazarar milimita 2.5 a tsakaninsu, ana ƙara wuta a hankali har tartsatsi ya ratsa, aka yi haka sau shida aka ɗauki matsakaici, ya wuce bolt 50,000. Na ƙarshe, muka duba tsakuwoyin silika da ke cikin kwalbar numfashi, waɗanda ke tsotse laimar iskar da taransifoma ke shaƙa idan man ya huce. Shuɗaye ne shar, da sun sha ruwa da sun koma ruwan hoda.

Girkawar ba ta ɗauki lokaci ba. An yanke layin babbar wuta, an kulle makunni, an gwada an tabbatar babu wuta, an ɗaure layukan uku da ƙasa, sannan mota mai ƙugiya ta sauke taransifomar a kan dakali. Muka haɗa jikin tanki da ƙasa, muka haɗa nutural da ƙasa, muka ɗaura na'urorin kare tsawa, muka ja kebul zuwa akwatin rabon wuta. A cikin akwatin ne muka tarar da wani abu da ya ɓata wa maigidana rai: a gurbin fiyus na jan layi, wani ya ɗaura kakkaurar wayar jan ƙarfe, alamar cewa fiyus ɗin ya riƙa yankewa har aka gaji da sauya shi. Muka cire ta muka sa fiyus na ƙa'ida. Da yamma aka jona fiyus uku na babbar wuta da doguwar sanda mai rufi, taransifomar ta yi wani gurnani mai ƙarfi na ɗan lokaci saboda wutar da take zuƙa a farkon kunnawa, sannan ta koma amonta na kullum, wanda ke fitowa daga ƙarfen cikinta da ke ɗan miƙewa yana tsukewa sau 100 a daƙiƙa. Mun bar ta babu lodi har ta kwana. Washegari awo ya nuna bolt daidai, amma na'urar duba jerin layuka ta juya baya, wanda ke nufin duk injin famfon ruwa mai layi uku da ke wurin zai juya a baibai. Aka sake yanke wuta, muka musanya kebul biyu, jerin ya daidaita, sannan aka saki wuta ga gidaje.

Ni a ganina aiki ya ƙare ke nan, amma maigidana ya ce mu dawo da daddare, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ya ba ni mitar nan mai baki kamar awartaki, wadda ake kama kebul da ita a auna amfiya ba tare da an yanke waya ba. Na kama jan layi, ta nuna 620. Rawaya ya nuna 380, shuɗi kuwa 240. Da na kama nutural, wadda na riga na koya cewa bai kamata ta ɗauki wani abin kirki ba, sai na ga ta haura 330, kuma da na ɗora bayan hannuna a kan rufin kebul ɗin na ji ɗumi sosai. Ya ce in lissafa iyakar tsohuwar taransifoma. Na lissafa, amfiya 417 a kowane layi. Ya ce in tara lodin layukan uku in raba uku, na sami 413. Na daɗe ina kallon waɗannan lambobi biyu a hasken tocila. Da an raba lodin daidai, da tsohuwar ta ɗauke shi, ko da yake da ƙyar. Amma jan layi shi kaɗai yana ɗauke da kusan ninki ɗaya da rabi na iyakarsa, zafin da ke tashi a naɗinsa ya haura ninki biyu, fiyus ɗin da zai cece shi kuma an maye gurbinsa da waya. Takardar rufi ba ta jure zafi, domin ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, idan wuri mafi zafi a naɗin ya wuce digiri 98, kowane ƙarin digiri 6 yana rage rabin kwanan takardar. Ginshiƙi ɗaya ya dahu a hankali dare bayan dare, 'yan'uwansa biyu suna hutawa a gefensa.

Dalilin karkacewar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Gidaje suna amfani da layi ɗaya da nutural, kuma duk wanda ya zo haɗa sabon gida yakan kama layin da ya fi sauƙin kaiwa daga kan tsani, ba tare da ya auna komai ba. A ƙarshen layin, mun auna bolt na jan layi ya faɗo kusa da 205, na shuɗi kuwa ya ɗan haura 240, domin wutar da ke bin nutural tana karkatar da ita daga tsakiya. Wasu daga cikin masu gidajen suka roƙi a ɗaga matakin taransifomar don wutarsu ta ƙara ƙarfi, maigidana ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai. Makunnin yana ɗaga layukan uku ne tare, don haka za a ɗan taimaki masu jan layi a jefa kayan masu shuɗi cikin haɗari, alhali ciwon yana nan inda yake. Ba na jin akwai abin da ya fi cutar da taransifoma irin wannan gyara na sama-sama, kuma sayen babba a madadin ƙarama ma, in ba a gyara rabon ba, jinkirta ƙonewar kawai yake yi.

Daidaitawar ta ci mana dare uku da yini uku. Da daddare muna bin turaku muna auna abin da kowace wayar gida ke ja muna rubutawa, da rana a yanke wuta mu sauya haɗi. Burinmu shi ne mu sauke kimanin amfiya 190 daga jan layi, mu ba shuɗi 160, mu ba rawaya 30, kuma mun yi ƙoƙarin yin haka a tsawon layin gaba ɗaya, ba a bakin taransifoma kaɗai ba, domin nutural ta huta a kowane yanki. A wannan zagaye ne muka gano wata mahaɗar nutural inda aka murɗe alminiyam da jan ƙarfe kai tsaye, ta yi farin tsatsa tana gab da rabuwa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin idan nutural ta tsinke alhali lodi bai daidaita ba, gidajen da ke layi mai ƙaramin lodi suna iya samun wutar da ta doshi bolt 415, ta ƙone duk abin da ke jone. Muka yanke wurin muka sa mahaɗi na musamman da aka ƙera don haɗa ƙarafan biyu.

A dare na huɗu na sake kama kebul ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ja ya nuna 430, rawaya 410, shuɗi 400. Lissafi ya ce nutural za ta sauko ƙasa da 30, amma mita ta nuna kusan 60, sai na tambayi maigidana ko akwai wani gida da muka tsallake. Ya ce babu. Kwamfutoci da caja da fitilun zamani ba sa jan wuta sumul, suna fizgar ta ne a ƙololuwa, kuma wannan yana haifar da wata ƙaramar wuta mai kai da komowa sau 150 a daƙiƙa, wadda ba ta soke juna a tsakanin layukan uku, sai dai ta taru a nutural. A ɓangaren babbar wuta kuwa tana kewayawa ne a cikin alwatikar ba ta fita kan layi, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake zaɓar irin wannan haɗi. Na ɗora bayan hannuna a kan rufin nutural, na ji ta da sanyi kamar sauran ƙarafan akwatin. Na rubuta lambobin huɗu da zafin mai da lokacin awon a littafin da muke bari a cikin akwatin, maigidana ya sa hannu a ƙasa, ya rubuta cewa a sake awo bayan wata uku, muka rufe ƙofar muka sa kwaɗo.